Ranar Kashe Na'urar Imel

"Sai dai ku bi ta kaina!" Sakatariya ta tare ƙofar ɗakin na'ura, ta baza hannuwa.

Manaja, wanda ƙaninta ne, ya sassauta murya. "Haba Yaya! Imel ɗinmu duk sun koma hannun kamfanin da zai riƙe mana. Ko saƙo ɗaya bai ɓata ba. Tsohuwar na'urar nan wuta kawai take sha, bari injiniya ya kashe ta."

"Shekara da shekaru tana mana bauta, yau ta zama abin yarwa? A bar ta zuwa jibi mana."

Idonta ya ciko da ƙwalla. Jikin manaja ya yi sanyi, bai taɓa sanin tana da tausayi haka ba.

Sai aka ji wani siririn kuka daga ciki. Injiniya ya tura ƙofar. A kan na'urar mai ɗumi ga ƙwai jere cikin tawul, ɗan tsako ya fasa nasa yana kallonsu.

Sakatariya ta gyara tsayuwa. "To, tambayi sabon kamfanin naka, su ma suna ƙyanƙyasa?"