Kujerar Levan

"Levan, wannan kurɓar kamar mai shan magani fa? Kafa kai ka shanye, giyar gidanku ce."

Dogon saurayin da ke zaune a kujerar babban ɗa ya yi dariya. Tsoho Otar ya sake cika masa ƙahon shan giya daga randar da ke binne a ƙasa. Yau bikin gama tsinkar inabi ne, tebur ya cika kamar shekarun baya. Ga burodi mai zafi, ga cuku, ga gasasshen nama, mutum tara ana ta ci.

Budurwar da ke gefensa ta shinshina kofinta, ta ɗanɗana, ta tofar a kwano.

"Ketino, halinki na nan," in ji Otar. "Da uwarki na raye, da kin sha faɗa."

Murmushi kawai ta yi. Otar ya miƙe ya ɗaga kofi domin waɗanda suka dawo gida.

Aka danna hon a waje. Nutsa, mai yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora, ta leƙo.

"Kawu Otar, lokacinsu ya cika. Saura gidan giya biyu."

Suka ɗauki hoto da shi, suka yi godiya da yaren da ba ya ji, suka fice.

"Levan ɗinka ya kira kuwa daga Poland?" Nutsa ta tambaya a hankali.

Otar ya ci gaba da tattara faranti.

"Gobe ma ki samo mini dogo, 'yata. In ya juya baya, kamar shi."