Kukan Jikar Laure

Tun da aka kafa na'urar tace sauti a unguwanni, duk abin da ta ɗauka hayaniya ne sai ta haɗiye shi. Waƙa da magana a natse kaɗai ke wucewa.

Laure ta goya jikarta jaririya zuwa ofishin masu kula da na'urar, ta tsaya gaban wani ma'aikaci.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan in tana kuka ba ma ji. Jiya har ta shiɗe kafin uwarta ta lura."

Ma'aikacin ya ce, "Inna, ai kuka hayaniya ne, ba shi da tsari. Waƙa kuwa tana hawa tana sauka, ta koma inda ta faro."

A hanyar gida Laure ta ji muryar yarinyar a bayanta, karo na farko tun haihuwarta. Kukan ya hau, ya sauka, ya tsaya, ya sake hawa daidai da na fari.

Wani mai tumatir ya gyaɗa kai. "Inna, jikarki ta iya waƙa."

Laure ta kwanto ta tana dubanta. Ta reni 'ya'ya da jikoki, da jin kuka take gane yunwa ko ciwo. Wannan kukan kam ta kasa gane shi.