Mai Goge Sunayen Jirage

Kafin rana ta yi zafi Eleuterio ya riga ya shafe haruffa huɗu. Yana zaune a kan wani katako da aka rataye da igiya a bayan jirgin dakon mai, buroshi a hannu, teku na lilo can ƙasa da ƙafafunsa. Shekara talatin ya yi yana fentin tankunan matatar mai, ga shi da tsufa ya koma shafe wa jirage suna yana rubuta musu wani.

Tun da manyan ƙasashe suka ƙaƙaba wa man Venezuela takunkumi, jirgi ba ya zuwa da sunansa na yanka. Sai ya kashe na'urar da ke nuna inda yake, ya sha mai ya ƙoshi, ya fice da sabon suna da sabuwar tuta ya nufi Asiya. Da yaƙi ya tashi a Turai farashi ya hau, sai jiragen suka yi layi a wajen tashar ruwan Guanta, garin su Eleuterio. Kowa na son man, ba mai son a gan shi yana saye.

Aikin yana da doka. Mai fenti ba ya hawa cikin jirgi, ba ya tambaya. Ma'aikatan jirgi kuwa ana karɓe wayoyinsu tun kafin a shigo ruwan ƙasar, wanda duk ya yi magana da mutumin gari a sauke shi a tashar da ba ya da kowa, babu takarda babu sallama.

A irin waɗannan jirage ɗansa Yorvis yake aiki. Ya tafi shekara bakwai da suka wuce, lokacin da albashin matata ya daina sayen kiret ɗin ƙwai. Yakan bugo sau biyu ko uku a shekara, kullum daga baƙuwar lamba, ya fara kamar kowane ɗa a garin: "Baba, sa min albarka." Wata biyar ke nan shiru. A cikin shirun nan ne uwarsa Nicolasa ta kwanta, ta yi ta kiran sunansa, ta cika. Eleuterio ya kai sunan jirgin yaron ofishin tasha don a isar da saƙo, ma'aikacin ya duba ya ce babu jirgi mai wannan suna a duniya. Bai yi musu ba, ya fi ma'aikacin sanin yadda ake yi. Har yau Yorvis bai san ya yi rashi ba, kuma wannan ne ke cin tsohon.

Da tsakar rana gora ta sauko masa daga sama, ɗaure da siririyar igiya, ruwan ciki da sanyi. Ya ɗaga kai ya ga mutum ya naɗe fuska da ƙyalle da baƙin tabarau kamar sauran ma'aikatan jirgin, mai gadi da bindiga a gefensa. Washegari aka haɗo da kofi da wainar masara da cuku, an ɓare mata ɓawo mai tauri. Tsohon da haƙoransa biyar suka rage ya cinye tas, ya ce a ransa ashe har a cikin jiragen ɓarayi akwai 'yan albarka.

Rana ta uku yana kan harafin ƙarshe, Cheo mai kwalekwalen da ke kawo shi ya ɗago murya daga ƙasa.

"Tsoho! Wai fenti kake ko lalle kake yi wa amarya? Yunwa fa!"

"In ka gaji ka yi iyo ka tafi, ɗan rainin hankali!"

Dole sai da ihu ake jin juna saboda iska. Cheo ya yi dariya, sannan ya tambayi abin da bai kamata ba.

"Yaron nan ya bugo kuwa? Ka samu ka gaya masa?"

Wata biyu Eleuterio yana haɗiye abin, ranar nan ya ƙi haɗiyuwa.

"Wane yaron? Ni ina da yaro ne? Nicolasa ta mutu idonta a kan ƙofa, Cheo! Ni kaɗai na ɗauke ta, da maƙwabta. Yana can yana yi wa masu kuɗin duniya dakon mai. Kada ya sake ya nemi albarkata, ta bi uwarsa kabari!"

Gorar da ke saukowa ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Can sai ta suɓuce, ta wuce ta gefen kafaɗarsa ta faɗa teku.

"Kai, wannan hannunsa ba ƙashi," in ji Cheo.

Eleuterio bai ɗaga kai ba, hawaye ya hana shi ganin komai. Ya ƙarasa harafin, ya sauka. Da la'asar jirgin ya ɗaga da sunan da ya rubuta masa. Tun a kwalekwale ya fara nadama, don bai taɓa nufin ko kalma ɗaya ba. Ya lallashi kansa da cewa iska ce ta ji, sai Cheo.

Bayan kwana arba'in da wani abu, yana shanya kayan aiki da safe, saƙon murya ya shigo daga lambar da bai sani ba. Ya kira ta nan take, ya sake kira, ba ta shiga. Sai ya zauna a bakin ƙofa ya kunna saƙon. Wannan karon ba a fara da neman albarka ba.

"Baba, ni ne. Ba sai ka wahala neman yadda za ka gaya min ba, na ji daga bakinka. Kwana uku ina kallon furfurar kanka, ni ne a saman igiyar."