Maganin Tsatsa

"Jiya har sifana na karya a kan ƙusoshin salansar nan!" in ji Muntaka bakanike daga ƙarƙashin a-kori-kurar Malam Uzairu. Ya yamutsa fuska. "Kuma don Allah ku daina barin awaki suna kwana a nan. Zarni sai ka ce makewayi."

Yau kuwa yana ɗora sabuwar sifana, ƙusar farko ta juya kamar ba ita ba. Ya zare ta, ya jefa a baki yadda ya saba, kada ta ɓace cikin rairayi. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka.

"Malam, me ka zuba musu?" ya tambaya, baki cike da ƙusoshi. "Wannan ya fi man da nake sayowa a Kano. Sai dai gishiri-gishiri."

Malam Uzairu ya durƙuso yana murmushi.

"Ai ba mu da awaki, Muntaka. A kasuwar Kunci aka ce min fitsarin yara yana cin tsatsa, shi ne maiɗakina ta juye musu fo ɗin tagwayenmu. Akwai saura, in kana so."