Baba a Shataletale

Ana jibi za a buɗe titunan sabuwar unguwar, mai gidaje da kantuna da ofisoshi, injiniyar da ta zana su ta miƙa wa mahaifinta makullin motarta. Tsohon direba ne, amma tun da idonsa ya yi rauni likita ya hana shi tuƙi.

"Ba kowa a titi, Baba. Gwada mini su."

Ya ja motar a hankali. Da suka isa shataletale ya zagaya, ya sake zagayawa, ya kuma. Ta leƙa ta taga. Ko dai allunan da ta kafa ba sa karantuwa?

"Baba, ba ka ga hanyar fita ba?"

Ya yi dariya, idanunsa sun ciko.

"Na gan ta sarai, uwata. Bar ni in ƙara ɗaya."