Ɗakin Masunci Mai Ƙofa Biyu

Kai angona, ajiye wayar nan ka dube ni. Tunda ka rantse sai ka fasa abin da ka tarar ka gina naka, ji wannan tukuna. Ban yi boko ba, amma ban taɓa toshe ramin da ban san mai shi ba.

Wani fatken goro ne, mutumin arewa, arziki ya kai shi kurmi har bakin teku. Ya sayi ɗakin wani masunci da ya rasu, don ya mai da shi gidan da iyalinsa za su riƙa zuwa in an ba yara hutu. Ɗaki ne guda a kan yashi, ƙofa biyu suna kallon juna, ɗaya ta teku, ɗaya ta fadamar baya, ko ƙyaure babu. Haka na maƙwabta duka suke. Ya duba ya ce wannan ai tsiraici ne, mai wucewa ya hango matarka tana tuƙin tuwo! Ya sa aka toshe ƙofar teku da bulo, ya ƙara ɗakuna da falo, ya zagaye da doguwar katanga, ya yi zaure irin na gidan ubansa, da ƙyauren ƙarfe mai buɗewa ciki. Maƙwabta suka tsaya suna kallo. Bai tambaye su me ya sa suke yin ƙofa biyu ba, su ma ba su ce masa don me ba. Aka shafa farin fenti. Ba a jima ba gishiri ya tsattsafo a bango, ya zana ƙofar nan daidai yadda take. Aka kankare, aka sake fenti, ta dawo. Rana na ƙuna, amma in ka ɗora tafi a wurin sai ka ji sanyi da danshi, kamar wani yana numfashi ta baya. Ƙaguwa suka riƙa taruwa a gindin bangon, sun yi tsit, kamar masu jiran a amsa musu sallama. Ya ce a share su.

Iyali suka zo da damina. Wata azahar ana cin abinci, sai teku ya ɗauke ƙara, har ana jin taunar juna. Ashe a can yakan cika ya bi ta cikin gari zuwa fadama, shi ya sa ake bar masa hanya. Maƙwabta suka rataye tabarmi, suka hau turame, ruwa ya shiga ta gaba iya idon sawu, ya fita ta baya. Da ya iso katangar fatke bai sami ƙofa ba, sai ya hau ta. Ya zuba a tsakar gida kamar ana cika ƙwarya, ya danne ƙyauren zaure, ƙaton fatken ya ja ya kasa. Ruwa iya ƙirji, uba na ɗora 'ya'yansa kan katangar da ya gina don ya tsare su, uwa na riƙe da jariri bisa kai. Da kwalekwale aka kwashe su. Rai bai salwanta ba don Allah Ya rufa asiri, ba don wayonsa ba. Kafin la'asar sabon ginin duk ya kwanta, fatke yana tsaye yana kallo, babu ko takalmi a ƙafarsa.

To, je ka ɗauko magina in ka ga dama. Amma Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce matambayi ba ya ɓata.