Ajiyar Ƙarƙashin Baƙin Dutse

Temba ɓarawo ne, kuma numfashin mutum ya sata.

Yana cikin hawan dutsen ƙanƙara da safe, tukunyarsa ta iskar shaƙa ta ƙare. Sai ya hango wata cikakkiya a ɓoye ƙarƙashin wani baƙin dutse. Kowane ɗan Sherpa, ƙabilarsu ta mahaya dutse, ya san ba a taɓa irin wannan ajiya, domin ran mai saukowa ce. Temba ya waiga, bai ga kowa ba. Ya ɗauke ta, ya tura tasa a gurbin.

Ya kai ƙololuwa. A hanyar saukowa ita ma ta ƙare. Abokan tafiya sun yi nisa, daga shi sai igiya. Ya danna rediyon oba-oba, ya kira yayansa Gyalzen a sansanin ƙasa.

"Yaya, iskata ta ƙare. Ƙafafuna sun ƙi."

"Kai dai acici ne, ko iska ba ka ragawa," in ji Gyalzen yana dariya. "Kwantar da hankalinka, ƙanena. Shekaranjiya na hau na ɓoye maka cikakkiya. Ban gaya maka ba don kar ka zuƙe ta tun a hawa."

"A ina?"

"Ƙarƙashin baƙin dutsen nan. Ka gan shi?"

Ya gan shi. Ya rarrafa ya jawo tukunyar, ashe fankon tasa ce da ya tura da safe, ga jan zaren da matarsa ta ɗaura mata.

"Temba, ka same ta?"

A nan Temba ya mutu rungume da ita, kuma har yau yana nan.